Layin Rifkatu da Na Kulle a Akwati

Shekara huɗu ke nan cif da muka kai ƙanwata Rifkatu ƙauye muka binne ta. Mota ce ta kife da su a hanyar Kachia, tana dawowa daga sarin citta. Kowace shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kanta, sai in ɗauki biro in ajiye. Bana dai dole ta sa, domin akwai masu tsine mata a garin nan, kuma ni na jawo mata.

Acca take sayarwa da citta da zuma, daga ɗakinta a Sabon Tasha. Ba ta da shago. Shafi gare ta a intanet, kuma abin da ke kawo mata masu saye shi ne 'yan gajerun rubuce-rubucen da take sakawa duk Talata da Juma'a. Ba ta taɓa rubuta cewa kayanta sun fi na kowa ba. Tambaya ɗaya take ɗauka cikin waɗanda mata ke yi mata, ta amsa a layi goma ko sha biyu: yadda ake rege acca har yashi ya fita, abin da ke sa gwate ya tsinke, yadda ake ajiye citta da damina kada ta yi fumfuna. A ƙarshe sai ta ƙara da cewa, "In kina so ina da ita," ta sa lambarta.

Kafin ta saki kowane rubutu sai ta karanta wa Mama, wadda ba ta taɓa shiga aji ba. In Mama ta ce "Me kika ce?" ko sau ɗaya, to wannan layin ya mutu, sai an sake shi. Ni kuwa malamin Hausa ne a sakandare, na tsufa ina jan jar biro a kan insha'in yara, don haka na naɗa kaina alƙali. Na sha ce mata wannan rubutun 'yan firamare ne, ko karin magana ɗaya babu. Sai ta yi dariya ta ce, "Yaya, abeg, ka riƙe azancinka. Mai tukunya a wuta ba ta da lokacin nahawu." Haushi nake ji, domin na san tana da gaskiya. Matan Tudun Wada da Unguwar Mu'azu da ba su taɓa taka Sabon Tasha ba suna karanta ta, su aiko, mai keke napep ya kai musu kaya har ƙofar gida.

A gidanmu ba a taɓa kayan mamaci sai an yi addu'ar cika shekara. Haka muka taso muka gani, ni kuma ni ne babba. Muna zaman makoki wayarta na ta ƙara, masu neman acca ne da ba su ji labari ba. Na kashe ta, na naɗe ta a zanenta, na saka a akwati na kulle. Wata ƙawarta ta ce in bari a rubuta sanarwar rasuwar a shafin tukuna. Na ce mata mutuwa ba haja ba ce da za a kai kasuwa. A lokacin gani nake mutunci na yi wa ƙanwata.

Da shekara ta cika muka buɗe akwatin, wayar ta kama amma layin ya mutu. A ofishin kamfanin aka gaya mini layin da ya daɗe ba a taɓa shi ba akan sayar wa wani. Na ce to, Allah ya sa ya amfane shi, na dawo gida. Ban san cewa duk mai riƙe da lambar nan shi ke da mabuɗin shafin ba. Rashin sani ya fi dare duhu, kuma ni mai digiri ne.

Bara wata Hajiya Binta ta zo daga Unguwar Mu'azu. Mai keken da ke kai mata kaya a da shi ya nuna mata gidanmu. Ta tsaya a tsakar gida da kwalba a hannu, ko gaisuwar kirki ba mu yi ba ta ce, "Malam, ina Rifkatu? Shekara nawa ina sayen kayanta a kan amana. Wannan narkakken suga ne ta aiko mini da sunan zuma, kuma ta san maigidana ciwon suga gare shi. Kwanansa biyar a asibiti."

Na ce, "Hajiya, Rifkatu ta rasu shekara uku ke nan."

Ta zauna a kan dakali tana salati. Can ta ɗago ta ce, "To da wa nake magana duk watannin nan?"

A wayar Hajiya Binta na ga shafin. Hoton ƙanwata na nan, tana murmushi da kallabinta mai ruwan ɗorawa. Bayan shirun fiye da shekara, wani ya rubuta da sunanta cewa ta dawo, jinya ta yi, a yi haƙuri. A ƙasa mata sun fi ɗari suna mata barka da samun sauƙi. Daga nan ya shiga sake sakin tsofaffin rubuce-rubucenta ɗaya bayan ɗaya, duk Talata da Juma'a, bai canza komai ba sai lambar asusun banki. Har rubutun da ta koya wa mata yadda za su gane zumar gaskiya bai bari ba. Na buga lambar da na haddace tun tana makaranta. Namiji ya ɗauka. Na ce Rifkatu nake nema, ya ce, "Madam ta je kasuwa, me za a kawo?"

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yadda talla ta koma yau. Kowa ihu yake yi a intanet, kowane sabulu yana maganin cuta goma, rubutu kuma dogo ne marar gishiri, kamar ba mutum ya yi shi ba. A cikin wannan hayaniyar nata ya fita daban, domin yana kama da maganar 'yar'uwa, shi ya sa ya fi kowane tarko kama mutane. Da ƙarya ta rubuta, da ɓarawon bai sami abin ɗauka ba. Wannan tunanin ne ke dawo mini duk lokacin da ɗalibaina suka tambaye ni amfanin rubuta gaskiya. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba irin ƙoƙarin da ban yi ba. Na rubuta a ƙarƙashin hotonta cewa ta rasu, cikin minti kaɗan ya goge, ya toshe ni. Na kai ƙara wurin masu kula da dandalin, aka ce in kawo shaidar cewa shafin nata ne, shaidar kuwa ita ce lambar da ke hannunsa. A ƙarshe aka ce hanya ɗaya ta rage, mutane da yawa su kai ƙarar shafin domin a rufe shi baki ɗaya. Ranar Lahadi bayan sujada na tsaya gaban zumuntar matan cocinmu, waɗanda suka yi mata waƙa ranar jana'iza, ina nuna musu inda za su danna. Wayar takan tambayi dalili. Muka zaɓi "damfara", ɗaya bayan ɗaya, hotonta yana kallonmu. Hajiya Binta ma ta sa matan unguwarsu suka yi. Bayan mako guda shafin ya ɓace, da duk hirar da ta yi da mutane cikin shekara shida.

Shi mutumin bai yi asarar komai ba, na tabbata ya sami wani layin. Abin da ya rage na Rifkatu kuwa bai taka kara ya karya ba. Akwai rubutu hamsin da uku da na kwafe da hannu a littafin makaranta kafin a rufe, suna cikin durowa, ba mai karantawa. Akwai matan da ke rege acca yadda ta koya musu, mafi yawansu sun manta a ina suka koya. In ka buga sunanta a intanet yau, abin da ke fara fitowa gargaɗin wata mata ne cewa a guji zumar Rifkatu ta Sabon Tasha, macuciya ce.

Ban san matar ba, ban kuma san ko jaridar nan na isa hannunta ba. Amma in ta karanta wannan, ita da duk wanda ya sayi kwalbar nan ya bi ƙanwata da Allah ya isa, ina roƙonku ku janye. In dole sai an ɗora wa wani a gidanmu, ga ni. Ranar da kuka tura kuɗinku, Rifkatu tana kwance a bayan gidan mahaifinmu, damina biyu ta riga ta zuba a kan kabarinta.