Kanwar da Na Zuba wa Kifin Baba

A shekarun da Gana ke shirin samun 'yancin kai, ni budurwa ce a gidanmu na unguwar Aboabo a Kumasi, mai rawar kai da ji da kanta. Duk wadda kazarta ta yi sanyi ko akuyarta ta ƙi ci, ni take aiko wa, in jiƙa kanwa da ɓawon maɗaci in ɗura mata. Sau da yawa Allah yana ba da sa'a, ni kuwa kaina ya kumbura, na ɗauka babu dabbar da ta fi ƙarfina.

Babanmu ya yi ƙuruciyarsa yana dako a tashar jirgin ruwa ta Takoradi. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka dawo da shi gida, sai ya daina magana sosai, abinci ma sai an yi ta lallashi. Yayana direban lori ne tsakanin Kumasi da bakin teku. Wata rana ya sauke wani akwatin gilashi da ya saya wurin wani Bature mai shirin komawa ƙasarsu, da kifaye uku masu zane-zane, da wani dutsen murjani mai rai, launin ruwan ɗorawa, wanda ke buɗe 'yan yatsunsa idan ruwa ya lafa. Ruwan teku a garwa yake kawo shi duk zuwa, ni kuma aikina in riƙa hura musu iska da famfon keke. Tun daga ranar Baba ba ya shan koko sai a gaban akwatin nan. Yakan nuna babban kifin ya ce tafiyarsa irin ta shugaban 'yan dakonsu ce, mu yi ta dariya. Wallahi na so kifayen nan, domin su suka dawo mana da muryar ubanmu.

Ana nan yayana ya ƙaro wani sabon kifi ya jefa a ciki, ya koma hanya. Ba a jima ba fararen ɗigo kamar gishiri suka fito wa kifayen, suna ta goga jiki a dutse, murjanin kuma ya tsuke. Baba ya ture kokonsa. Innarmu ta ce in haƙura yayana ya dawo, shi ya ji bayanin Baturen. Na ce mata ciwo ai ciwo ne, abin da ya tashi akuya zai tashi kifi. Na jiƙa kanwa da maɗaci, har na ƙara hannu don tsananin so, na tuttule a ciki. Garin neman gira na rasa ido. Ruwan ya yi fari, kifayen suka taso sama suna haki. Baba ya yi ta buga kwano da hannunsa mai lafiya yana nuna garwar ruwan tekun da ta rage. Kafin in gane nufinsa uku sun kife, babban kawai na tsamo na saka a garwar. Murjanin ya yi ta zubar da yauƙi har ya koma fari fat.

Na durƙusa gabansa ina kuka, ina tsoron na kashe abin da ke sa shi cin abinci. Sai ya dafa kaina ya ce likitar awaki ta ba shugaban 'yan dako kanwa amma ya ƙi mutuwa, saboda haka in miƙo masa kokonsa. Da yayana ya dawo ya ce sabon kifin ne ya kawo cutar, da ware shi aka yi tun farko, aka riƙa sauya ruwan kaɗan-kaɗan, da wataƙila sun tsira. Babban kifin nan ya ci gaba da zama da mu, Baba kuma bai daina kirana likitar awaki ba har Allah ya karɓi ransa.

Ku da kuke kiwon abin da ba ku saba da shi ba, ku ware baƙon kifi kafin ku haɗa shi da na gida, kuma ku tambayi wanda ya sani kafin ku zuba komai a ruwa. So bai hana ni yin ɓarna ba, shi ne ma ya sa na ƙara kanwar. Dutsen murjanin yana nan a ɗakina. Jikokina kan ɗauka su yaba farinsa, ni kuwa ban taɓa iya gaya musu cewa ruwan ɗorawa ne lokacin da Baba ke kallonsa ba.