Abin da ya rage a kaset ɗin Baba

Ko da za a juye kaina a zubar da duk abin da ke ciki, akwai yini guda da zai maƙale, ba zai fita ba sai ranar da aka rufe ni da ƙasa. Shi ne yinin da na shiga ɗakin karatu na gari a nan Ƙonni da wani tsohon kaset a aljihu. Shekara huɗu ke nan, amma har ƙarar fankar wurin ina ji.

Ni ba mutumin ɗakin karatu ba ne. Kabu-kabu nake yi. Kullum ina sauke 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, a ƙofar wurin, amma ban taɓa leƙawa ba. In je in yi me? Karatuna a aji biyar ya tsaya. Ba wai kaina ne ba ya ja ba. Mahaifina ne ya zo wata safiya ya tsaya a bakin aji, ya ce wa mushe, malaminmu, a ba shi ɗansa, gona ta fi ƙarfinsa. Mu biyu ne maza a gidan. Ya ɗauke ni, ya bar ƙanena. Yau ƙanen nan yana cikin buro, yana aikin ofis a Malbaza, ni kuwa rana ta gama gasa mini ƙeya a kan babur. Matata ta daɗe da tafiya, ta ce zama da ni zama da garwashi ne. Ban musa mata ba.

Da na girma sai na gudu daga ƙauyenmu na kusa da Badagishiri, na tafi bida, neman kuɗi, Abijan. A lokacin babu salula. In mutanen gida suna son magana da kai, rediyo mai kaset suke arowa, su zauna su yi maganarsu a ciki, su ba wani mai tafiya ya kai maka. Kai kuma in ka saurara sai ka juya kaset ɗin, ka ba da amsa a bayansa, ka mayar. Haka kowa yake yi.

Shekarata ta shida a can, wani mutumin garinmu ya kawo mini kaset daga Baba. Na aro rediyo na kunna. Ya yi gaisuwa, ya ba ni labarin damina, sannan ya ce in komo gida. Ina jin wannan kalma jinina ya tafasa. Na kashe, na zare kaset ɗin na wurga shi kan tabarma. Washegari na ɗauko shi, na sa bayansa, na danna jan maɓalli, na zazzage duk abin da ke cikina tun daga ranar da aka fitar da ni daga aji. Da mai komawa gida ya zo karɓar amsa, sai hannuna ya ƙi miƙawa. Na ce masa ban shirya ba. Wata uku bayan haka aka aiko Baba ya rasu.

Na naɗe kaset ɗin a tsumma na ajiye. Na san akwai sauran maganar Baba da ban ji ba, tana nan tana jira na. Da farko tsoro ya hana ni kunnawa. Da tsoron ya ragu, rediyo mai kaset ya ɓace daga duniya. Shekara ashirin da 'yan kai ina yawo da shi daga ɗakin haya zuwa ɗakin haya, ina ce wa kaina wata rana.

Ranan nan wata mata ta tsayar da ni a bakin tasha, rungume da kwali. Ita ce mai kula da ɗakin karatun, kowa Madam yake ce mata.

"Malam, a hankali don Allah," ta ce da na faɗa rami. "Abin da ke cikin kwalin ga ya girme babur ɗinka."

"Mi ne ne, ƙwai?"

"Rediyo mai kaset. Da ƙyar na samo shi."

A hanya ta ba ni labari. Makon bikin ɗakin karatu za su yi: gasar karatu ta yara, tatsuniyoyin tsofaffi, wasan kwaikwayo. Sannan duk mai tsohon kaset na iyali ya kawo, a juye masa muryar a memori ya sa a salularsa, kyauta. Na ci gaba da tuƙi kamar ban ji ba. Amma da na sauke ta sai da na yi kwana biyu ina sauke mutane inda ba nan suka ce ba.

Sai ranar ƙarshe na je, ranar rufe biki. Na sa rigata ta Juma'a. An kafa rumfa a farfajiya, an jera kujeru, yara sun cika wurin suna shan zoɓo a leda. Kowa da nasa: uwa da 'ya'yanta, tsoho da jikokinsa. Ni kaɗai na shigo ba wanda ke riƙe da hannuna, ba wanda nake riƙe da nasa. Na wuce ciki, ban dubi littattafan ba. Na ji kamar su ne suke duba na.

A ƙarshen ɗakin aka ajiye rediyon kusa da kwamfuta, da benci biyu na masu jira. Mu wajen goma sha. Ana sa kaset, kowa na ji, ana dariya tare. Wata tsohuwa da ke gabana ta kawo na mijinta, wanda ya aiko mata daga Agadas tun tana amarya. Ga marigayin yana ta faɗa a kan kada ta ba maƙwabta aron turminsa.

"Ku ji shi fa!" ta ce, tana dariya tana share ido da bakin zane. "Har ya mutu bai daina zancen turmin ga ba. Allah ya jiƙan rowa!"

Da layi ya zo kaina, Madam ta gane ni.

"A'a, mai tsoron rami! Ashe kai ma kana da ajiya." Ta miƙo mini abin sawa a kunne. "In na sirri ne, sa wannan, kai kaɗai za ka ji."

Da ma na karɓa. Amma girman kai bai bar ni ba. Na ga kowa ya bari an ji nasa.

"Muryar ubana ce," na ce. "Ba abin ɓoyo ba ce. Fuskar da ya yi magana kaɗai za ki sa. Bayan kada ki taɓa shi."

Ta mayar da zaren farko, ta danna.

Sai ga Baba. Sallamarsa, da wannan ɗan kakin da yake yi kafin ya fara magana. Na zauna. Ya ce yana gaishe ni, Inna tana gaishe ni. Ya ce gero ya yi kyau a gonar tudu amma tsuntsaye sun yi ɓarna. Ya ce jakar gida ta haihu. Tsohuwar nan ta ce, "Allah sarki, muryar mutanen da." Ni dai na sunkuyar da kai, ina jiran wurin da na sani. Ya zo. "To, abin da ya sa na yi maka wanga kaset, ina so ka komo gida, don akwai…"

Ƙas.

Wata murya ta faɗo a kan tasa, mai ƙarfi, mai zafi, ta saurayi.

"Ba zan komo ba! Ka ji ko? Ba zan komo ba!"

Ban gane ta ba da farko, wallahi. Sai da ta ce, "Ka cire ni daga lakwal kamar ana cire ƙaya daga ƙafa," sannan na san ko wane ne. Ashe ban juya kaset ɗin ba. Fuskokin biyu iri ɗaya ne, babu rubutu a ko ɗaya. Yadda na zare shi haka na mayar da shi, daidai wurin da na katse Baba, na hau kan maganarsa na yi ta zuba.

"Ka kira ɗanka mai alƙalami ya riƙe maka hauya! Ni ba jakinka ba ne! Ko ciwo kake kada a aiko mini!"

Wani ya ce, "Subhanallahi." Tsohuwar ta dafe ƙirji.

"Wane la'anannen yaro ne wanga ke yi wa uba haka?"

"Ni ne, Iya," na ce.

Ta dube ni, ta dubi furfurar gemuna. Ta ja zanenta ta matsa kaɗan. Wannan matsawar ta fi mini mari ciwo.

Madam ta kai hannu za ta kashe. Na ce ta bari. Ba jarumta ba ce. Lissafi nake yi: in maganata ta ƙare kafin tasa, zan samu saura. Na zauna ina roƙon wancan saurayin a zuciyata, yi shiru, don Allah yi shiru haka nan. Bai yi ba. Ya zagi gona, ya zagi garin, ya koma kan ƙanena, ya sake dawowa kan lakwal. Mutane suka fara zamewa ɗaya ɗaya, wai za su je kallon wasan yara. A waje ana tafi, ana kiran sunayen waɗanda suka ci gasa. Kafin ya gaji, daga ni sai Madam sai fanka.

Ƙas. Sai shuuu na zare. Sai kukan akuya daga nesa. Sai Baba ya ja hanci, sannan ya ce a hankali, "To, ka dai ji. Ban taɓa faɗa ma kowa ba." Ya ɗaga murya yana kiran ƙanena: "Kai! Taho, na ƙare. Taho ka kashe abin ga, ban san inda ake dannawa ba." Aka ji takun gudu daga waje. Shi ke nan.

Na ce ta juya bayan, ko da wani abu. Babu komai. Fuska guda cur, fanko, wadda aka bar mini don in ba da amsa.

"Madam, ku da kuke da kwamfuta, ba a iya ɗaga tawa a ga tasa a ƙasa?"

"Ba a iyawa, Malam. In aka hau kai, ta tafi." "Amma zan iya yanke taka, in haɗa maka farkon da ƙarshen. Ba wanda zai sani."

"Bar ta yadda take."

"Ka tabbata?"

"In kika cire, wata rana zan ce laifin kaset ne."

Ta juye mini duka, ta sa mini memorin a salula da hannunta. Ta ce in tsaya a ci abinci, an dafa shinkafa saboda biki. Na ce ina da fasinja. Na ratsa ta cikin rumfar, yara suna wasan kwaikwayo, wani ya manna gemun auduga yana tafiya da sanda, iyaye na ta ƙyaƙyata dariya. Ba wanda ya kula da fitata.

Ban tayar da babur ba. Na tsaya a gindin dogon yaro na kira ƙanena, wanda rabon da in kira shi tun rasuwar Inna.

"Yaya? Lafiya dai?"

"Ranar da Baba ya yi mini kaset, kai ka kunna mishi. Mi ya ce?"

"Ai ban ji ba. Ina dannawa ya kore mu duka, har Inna. Ya ce tsakaninshi da kai ne. Ya daɗe a ɗaki. Da na shigo idanunshi sun yi ja." Sai ya ce, "Yaya, kai ba ka saurara ba?"

Na ce masa layi ba ya da kyau.

Har yau ban san abin da tsohon nan ya faɗa ba. Wata rana in ce gafara ya nema. Wata rana in ce dalili ya ba ni, abin da ya sa ya zaɓe ni ya bar ƙanena. Wata rana kuma in ce ƙila ciwonsa kawai ya gaya mini. Mutumin da bai taɓa zama da ni ya yi mini magana ta minti biyar ba, ya rufe ƙofa ya buɗe mini cikinsa sau ɗaya a duniya, ni kuma na rufe masa baki da nawa.

Ni ba malami ba ne, ba ni da wa'azin da zan yi wa kowa. Abu guda na koya, kuma da tsada na saye shi: in mutum ya fara yi maka magana, ko kana ganin ya cuce ka, bar shi ya kai ƙarshe. Fushinka ba ya lalacewa, ko shekara nawa ka ajiye shi za ka tarar da shi yadda yake. Maganar ɗan'uwanka ce ba ta jira.