Ganyen da Kaka ta roƙa

Jiya maƙwabciyata ta dafa tafasa, warin ya tsallako katanga, sai na ji abincin da ke gabana ya fita raina. Kakata na tuna, uwar babana.

Bagungiya ce, wato 'yar ƙabilar Gungawa. A tsibiri aka haife ta, kafin ruwan Kainji ya cinye garinsu a kwaso su a zube a tudu. Babana ya rasu ina goye, ita kuma ta zauna da mu a Yelwa. Inna, uwata, Bahaushiya ce, ba ta jin Gunganci ko kalma guda. Ni kuwa da gangan na ƙi koyo, don a makaranta dariya ake yi wa masu yinsa.

Da damina, in muna tsinkar ganye, Kaka ba ta barin suna ya wuce ba ta tono asalinsa ba. Tafasa, in ji ta, sunanta ya gaya miki aikinta: ki tafasa, ki zubar da ruwan, ko ki sha ɗaci. Zaƙi-banza ba wanda ya shuka shi. Kabeji kuwa baƙo ne, shi da sunansa Turawan madatsar ruwan Kainji suka zo da su, shi ya sa ko a baki ba ta sa shi. In ta gama na Hausa sai ta kawo na Gunganci, ni kuma in toshe kunne. Kai, na yi taurin kai.

Ina shekara sha biyu ciwo ya kwantar da ita. Hausar ta gudu daga bakinta. Ta ƙi tuwo, ta ƙi kunu, kalma guda kawai take nanatawa, yatsunta suna motsi irin na mai tsinka. Inna ta gane ganye take so. Ta aike ni kasuwa wurin Gungawa masu kifi, ta ce in faɗa musu kalmar yadda na ji ta.

Na je. Ina tsaye gaban wata tsohuwa, kalmar tana bakina, sai na hango 'yan ajinmu su biyu suna kallona. Na sayi alayyafo na komo.

"Mi suka ce?" in ji Inna.

"Ba wanda ya san shi."

Kaka ta shinshina miyar, ta juya fuska bango. Kwana huɗu ta ƙara a duniya.

Sai da na yi aure a Wara na iya tambayar wata dattijuwa Bagungiya ma'anar kalmar. Ta yi dariya, ta ce ai gasaya ce, 'yar unguwa. Gasaya, jama'a. Wadda ta cika bayan ɗakinmu a wannan damina, muna tuge ta muna zuba wa awaki.

Yanzu 'ya'yana kabeji da latas suka sani, kuma ba ni da bakin yi musu faɗa. Inna ta tsufa, tana gidana. Duk sanda zancen ya taso sai ta ce Allah sarki, ganyen tsibiri ne baiwar Allah take so, ruwa ya cinye shi. Ni kuma in ce mata haka ne.