Sai Bango Ya Bushe

Kawuna, yayan mahaifiyata, feshin kwalta yake yi a tushen gini. Idan magina suka ɗora bulon fandisho suka yi filasta, kafin a mayar da ƙasa sai a kira shi. Yakan zo da injinsa da dogon tiyo da gangar ruwan kwalta, ya sauka cikin ramin, ya feshe bangon daga ƙasa zuwa sama. In ya bushe sai ya zama kamar fatar roba, ruwan ƙasa ba ya ratsa shi. Mai Feshi kowa yake ce masa a unguwa. Ban taɓa ganin faratansa da fari ba, har kananzir ya gaji da su.

Ba ya feshi a bango mai danshi. Sai ya manna 'yar leda a jikin bangon, ya dawo washegari. In ya ga gumi a ƙarƙashinta, sai ya naɗe tiyonsa, ko mai gini zai yi ta kumfar baki.

"In ka rufe danshi a ciki, kwaltar bororo take yi ta ɓare," in ji shi. "Kuma ƙasa ta rufe, mai gida ba zai sani ba sai bayan shekaru."

Nasa gidan kuwa a gangare yake, an gina shi tun kafin ya koyi sana'ar. Ɗaki ne da falo, duk bango ɗaya suka jingina. Da damina laima kan hau bangon har gwiwar mutum, fenti ya kumbura, bayan akwatuna ya yi baƙi da fumfuna. Matarsa, wadda muke kira Inna, tana da ciwon asma.

Shagon ɗinkina kusa da su yake, nakan shiga shan shayi da yamma. Rannan na tarar tana goge bangon da tsumma, tana tari.

"Ɗana, zo ka ga gidan gwanin hana ruwa," ta ce. "Kwaɗi ne kawai ba su tare ba, su ma sun aiko a tambayar musu."

Kawu ya ce, "Bari rani ya shigo, uwar yara. Sannu ba ta hana zuwa."

"Ƙarasa mana. Sai dai a daɗe ba a je ba."

Muka yi dariya har tari ya sake kama ta. Ba ƙyuya ce ta hana Kawu gyara bangon ba. Da rani ake gini, lokacin ne kowa yake nemansa, ba ya ko zama. Da damina yana da lokaci, amma bango a jiƙe yake. Haka shekaru suka yi ta wucewa, kowace da alkawarinta.

Daminar da ta gabata numfashin Inna ya sarƙe, aka kwantar da ita a asibiti. Likita ya ce kada ta koma ɗaki mai danshi. Babbar 'yarsu ta ɗauke ta zuwa gidanta, can wani gefen gari. Inna ta tafi da jaka ɗaya, ta bar madubinta da kwanukanta, ta ce ai ba daɗewa za ta yi ba.

Ruwa na ɗaukewa Kawu ya daina karɓar aiki. Ya ɗauki diga da shebur ya tone bayan gidan shi kaɗai, har gindin bulo. Ya kankare, ya cike tsaguwa da siminti, ya manna leda. Washegari gumi. Bangon ya sha ruwan shekaru, ba zai sake shi a mako ɗaya ba. Nakan rufe shago in zo in same shi zaune a bakin ramin, ƙafafunsa na reto a ciki.

Inna takan kira ni a waya, don shi ba ya jure jin muryarta yadda ta koma.

"Ka ce wa kawunka ya yi wa bangon fifita," ta ce. "Katifar gidan nan ta cika laushi, ba na iya barci. Ɗakina nake so."

'Yar tasu ba da wasa ta yi magana ba. Ina zaune ta kira shi, ya sa wayar a kunne, ina jin muryarta.

"Baba, ka fesa haka nan mana. Kullum Inna tambaya take yi, abinci ma ta rage ci."

"In na fesa yanzu na yaudare ta. Ki ba ta haƙuri, saura kaɗan."

Wata safiya ya ɗaga ledar, ya ga ƙarƙashinta a bushe. Ya sa takunkumi, ya tayar da inji, ya yi feshin farko. Bangon ya yi baƙi yana sheƙi. Da kansa ya kira Inna.

"Uwar yara, gobe feshi na biyu. Ki fara haɗa jakarki."

"Jakar da ban taɓa kwancewa ba?" ta ce, tana jan numfashi tsakanin kalmomin.

Da yammar ranar 'yar ta kira. Inna ta rasu a kan hanyar asibiti.

Da masu gaisuwa suka watse, sai ya sauka ramin ya yi feshi na biyu, a hankali, layi na bin layi, bai tsallake ko kusurwa ba. Maƙwabta suna leƙowa ta katanga suna komawa. Da ya kashe injin ya zare takunkumin, na miƙa masa ruwa bai karɓa ba.

"Ka san wani abu?" ya ce. "Da na fesa ranar da yarinyar nan ta roƙe ni, da ta kwana a ɗakinta. Kwaltar ba za ta ɓare ba sai bayan shekara biyu ko uku. Ita ina ruwanta da shekara uku?"

Ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce in miƙo masa shebur, a mayar da ƙasa kafin yara su faɗa ciki.