Na Je Azare Neman Mai Kula da Kwamfutar Sikeli

Kwamfutar sikelina ta mutu sau uku a kakar bara. Duk lokacin da ta mutu, manoma sai su kwashe riɗinsu daga ƙofata su kai wa wani. Kaka ta sake ƙaratowa, shi ya sa na je Azare.

Muna idar da sallar asuba muka bar Disina, ni da ƙanena. Ban yi boko ba, shi ke karanta mini takarda. Abu ɗaya nake son sani: in ɗauki ma'aikaci ya zauna a shago, ko in ba masu gyara na birni amanar na'urar? Ma'aikaci zai ci albashin shekara don aikin wata uku. Na birni kuma ban san halinsu ba.

Da mota ta tashi na duba agogo. Da gangan na yi.

Ruwan ƙarshen damina ya cinye hanya a wuri biyu. A na biyun duk muka sauka muka tura. Direba ya tsaya ɗaukar awaki, ɗaya ta yi tafiyarta a kan ƙafata, ban ga ta biya ba. Gero ya yi kyau a gonaki. Awa biyu da wani abu muka yi kafin Azare. A bakin tasha muka ci masa da miyar taushe. Masar ta ƙanƙance, kuɗinta ya girma.

Keke napep ya kai mu wuri na farko. Gilashi, sanyi, kujera mai juyawa. Mai wurin ya ce, "Alhaji, kira ɗaya, minti arba'in muna ƙofarka."

Na ce, "Ka taɓa zuwa Disina?"

"Ai duk ƙasar nan a tafin hannunmu take."

Na dubi lakar da ke wandona. Na sha ruwansa, na yi godiya, na fita.

Na biyu ɗan ɗaki ne a bayan kasuwa. Mace ce mai wurin, 'yar kudancin Bauchi, da ma'aikata biyu. Ba ta yi mini alkawari ba, tambayoyi ta yi: ƙurar riɗi na shiga na'urar? Wace wuta nake sa mata? Mutum nawa ke taɓa ta? Sannan ta sa na kira mai awona a Disina, ta faɗa masa abin da zai danna. Sai ga fuskar kwamfutata a kan teburinta, tana motsa kibiyar daga nan.

Gobara ta taɓa cinye mini shago, ambaliya ta tafi da rumbuna. Amma ban ji fargabar da na ji a ɗakin nan ba.

Na ce, "Madam, ke nan kina iya shiga ki taɓa mini awo ban sani ba?"

Ta ce, "Baba, sai an buɗe mini daga can. Mabuɗin, wato lambobin sirri, na hannunka."

Na sa mai awo ya rufe. Hoton ya ɓace. Ya buɗe, ya dawo. Sau uku na sa aka yi, har ta fara dariya.

"In sabis ya ɗauke fa?"

"Sai mutum ya hau babur. Kada ka sa ido kafin azahar. In an yi ruwa, la'asar."

Maganarta ta zo daidai da agogona. Saboda wannan nisan ta ce za ta ajiye mini ƙaramar na'ura ta ko-ta-kwana a shago, ta koya wa mai awo yadda zai jona ta kafin su iso. Muka yi yarjejeniyar kaka ɗaya, in ban ji daɗi ba kowa ya kama gabansa. Ƙanena ya karanta takardar sau biyu kafin na dangwala.

A hanyar dawowa muka sake tura mota a wurin nan. Abin da na koya, wanda bai san hanyar gidanka ba, kada ka yarda da agogonsa.

Yanzu ina Disina, a ƙofar shago. Riɗi ya fara shigowa. Kwamfutar ta maƙale sau ɗaya, aka gyara daga Azare kafin manomin da ke layi ya gama kwance buhunsa. Mabuɗin yana rubuce a takarda cikin aljihuna. Ba na iya karanta shi, amma ni ke riƙe da shi.