Layar Kaka a Jirgin Baba

Jiya na wuce wani gareji a Tottenham, ƙanshin baƙin mai da ya sha zafi ya doki hancina, sai na tsaya cak a bakin titi kamar an kira sunana. Irin ƙanshin da ke jikin rigar Baba ne duk ranar Asabar, a shekarun da nake ƙarama.

Baba direban bas ne a London, amma kafin a haife ni matuƙin jirgin soja ne a gida, kuma sararin sama bai taɓa sakin zuciyarsa ba. Shi da wasu abokansa Turawa suka haɗa hannu suka mallaki wani tsohon jirgi mai farfela ɗaya, wanda sojoji suka gama koyon tuƙi da shi suka sallama. Yana ajiye a wani ƙaramin fili mai ciyawa, can bayan gari inda gidaje suke ƙarewa.

Kada ka ɗauka, mai karatu, irin wannan jirgi ana hawansa yadda aka ga dama. Izininsa daban ne, duk shekara sai injiniya ya bincike shi kafin hukuma ta sabunta. Ba a tashi da shi da dare, ba a shiga gajimare da shi, ba a bi ta saman unguwanni masu cunkoso. Na sha roƙon Baba ya biyo ta saman benen da muke zaune in ɗaga masa hannu, sai ya ce ranar da ya yi haka, ranar za a raba shi da jirgin.

Amma dokar da ta fi shiga gidanmu ita ce ta aljihu. Daga ciki, ƙasan jirgin a buɗe yake, wayoyin da ke juya fukafukai da wutsiya ta ƙarƙashin kujera suke bi. Baba kuwa mai son juyi ne, ya kifar da jirgin a sama ya sake miƙar da shi. Ko maɓallin riga ne ya faɗa ciki, zai iya maƙalewa ya ƙamar da sandar tuƙi. Shi ya sa kafin ya hau, Mama ce take caje shi. Ta zaro makulli, ta zaro biro, ta zaro carbi tana zubawa a jakarta, shi kuma ya ware hannuwa yana kallonta, murmushi kwance a fuskarsa. Nakan sunkuyar da kai in leƙa ta gefen ido.

Wata shekara, lokacin zafi, sa'ad da rana ba ta faɗuwa sai ta gaji, Kaka mahaifiyar Baba ta zo daga Kano ganin likitan ido. Tun da ta ji labarin jirgin ta kasa sukuni.

"Abin da soja suka yar, shi yaron nan ya je ya tsinto?" Haka take cewa. Ba ta kama sunansa, don shi ne ɗanta na fari.

Ranar Asabar ta ce ƙafarta ƙafarmu. Filin yana ƙanshin yankakkiyar ciyawa, iska tana kaɗa mayafinta. Mama ta caje Baba kamar kullum, shi ma ya gama zagaya jirgin yana dubawa. Sai Kaka ta ce ba zai hau ba sai ta tofa addu'a a kujerarsa. Wa zai hana ta? Aka kawo matakala, Baba ya riƙe ta ta hau, ta sunkuya ciki mayafi ya rufe hannuwanta, leɓɓanta suna motsi. Da ta sauko fuskarta ta yi fes.

Jirgin ya yi gudu a ciyawa ya ɗaga. Muka zauna a darduma, Mama tana zuba shayi, shi kuma yana ta yin sama, yana neman tsayin da zai fara juyinsa.

Kaka ta kurɓi shayi ta ce, "Yau dai hankalina kwance. Na sa masa ita."

Hannun Mama ya tsaya. "Me kika sa, Hajiya?"

"Laya mana. Tun daga gida na taho da ita. Na cusa ta gefen kujera inda ba zai gani ba, ai na san halinsa, cirewa zai yi."

Ka san yadda suruka take a gaban uwar miji. Ban taɓa ganin Mama ta ɗaga murya a gaban Kaka ba, ko tafiya a hankali take yi. Ranar ta saki kofi, ta watsar da takalma, ta runtuma da gudu zuwa ɗan ɗakin da mai magana da matuƙa ta rediyo yake zama. Na bi ta a baya, ina jin Kaka tana cewa, "Ikon Allah! Me ya cije ta?"

A ɗakin, Turancin Mama ya gudu ya bar ta. Tana nuna sama tana cewa, "Laya! Laya a ƙarƙashin kujera! Ki gaya masa!" Ni ce na gaya wa mai rediyon, wani dattijon Bature, cewa akwai wani abu na fata, bai kai gidan ashana ba, sake a cikin jirgin. Jinin fuskarsa ya ɗauke. Ya ja abin magana ya kira Baba.

Shiru. Sai shashashar rediyo.

Ta taga muna hango jirgin ya zama ɗan ɗigo, ya daidaita, irin daidaitawar da na sani, wadda juyi ke biyo bayanta. Mama ta damƙe kafaɗata har farcenta ya shige ni. Dattijon ya sake kira, yana rarrabe kalmomi: kada ya kifa, kada ya yi wani juyi, ya dawo a hankali.

Sai ga muryar Baba, a nutse. Ya ce ya ji. Sannan ya ce sandar ta fara yi masa nauyi ta hagu.

Ban san tsawon lokacin da saukar ta ɗauka ba. Na dai san an hana kowa tashi, an tayar da motar kashe gobara. Baba ya yi wani faffaɗan zagaye ta dama kawai, yana saukowa kaɗan-kaɗan kamar mai ɗauke da ƙwarya cike da nono. Mama tana ta jan salati, ni ina bin ta ba tare da na san abin da bakina ke faɗa ba. Ƙafafun jirgin suka taɓa ciyawa, ya yi tsalle ɗaya, ya sake taɓawa, ya gangara ya tsaya. Mama ta zube a ƙasa.

Ba a bar kowa ya taɓa jirgin ba sai da injiniya ya kwance faifan ƙasansa ta waje. Can ya zaro layar, ta gangara ta cushe kusa da wayar fiffike, gefenta ɗaya har ya goge. Dole aka kai rahoto, aka kuma dakatar da jirgin sai an sake bincike.

Baba ya karɓi layar, ya je gaban Kaka ya durƙusa. Ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Hajiya, don Allah daga yau a jikina za a riƙa sawa."

Kaka ta dube shi, ta dubi jirgin, ta ce, "To ai kun gani da idonku. Ba ga shi ta dawo min da shi ba?"

Baba ya dubi layar da ke hannunsa. Sai dariya ta kama shi, hawaye na zuba. Mama da kanta ta ɗinke layar a cikin shafin rigar tashinsa, ɗinki kan ɗinki, a gaban Kaka.

Yanzu likita ya hana Baba tashi saboda hawan jini, jirgin ya koma hannun wasu. An ja shinge a filin, iyali daga nesa suke tsayawa, ba wata tsohuwa da za ta ƙara hawa matakala ta tofa addu'a. Kaka ta rasu tana ba jikoki labarin ranar da layarta ta yi aiki, kuma babu wanda ya taɓa gyara mata. Na karanta littattafan soyayya da ba su ƙirguwa, na ga sarauniyoyin kyau suna suma don masoyi. Har yau ban ci karo da wadda ta kamo ƙafar Mama ba, babu takalmi, ɗankwali a ƙasa, tana gudu a gaban uwar mijinta.