Foldar da Bukar Ya Sa wa Suna Yaya

Wallahi na sha wuya. Shekara shida ke nan da rasuwar ƙanena Bukar, amma sai makon jiya aikinsa ya tsaya mini a maƙogwaro.

Shi ne ɗan boko a gidanmu. Ni a aji huɗu na tsaya, gyaran injin ban ruwa na iya. Kafin ciwo ya kwantar da shi ya kafa ma'aunin ruwa a bakin kogi, ɗaya a Auyo ɗaya a Kirikasamma, ya haɗa su da wata tsohuwar kwamfuta a shagona nan Haɗeja. Ruwa na tasowa saƙo zai shigo wayata, ni kuma in sanar da masu shinkafa.

Bana kwamfutar ta mutu. Na sa wata, saƙo ya ɗauke, ga damina ta yi nisa. Littafin da ya bar mini ya ce idan kanel ya canza, wato zuciyar kwamfutar, dole a sake gina direban ma'aunin, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane shi. Fayilolin kuma ba wuri ɗaya suke ba. Ya rarraba su folda-folda, sai ka jera hanyar kowanne a cikin wani fayil mai suna Makefile kafin su haɗu. Na jera Auyo, na jera Kirikasamma. Kwana uku kwamfutar tana ce mini akwai abin da ya ɓace.

Ban san me Bukar zai ce da kogin yau ba, da ciyawar kacala ta ƙara toshe shi. Amma na san me zai ce da ni: "Haba Yaya, kai da kake kwance inji kaf, folda ɗaya ce ta gagare ka?"

Don akwai ta uku. Sunanta Yaya. Ban taɓa buɗe ta ba. Na ɗauka wasiyya ce ko hotuna, kuma zuciyata ba za ta ɗauka ba.

Ranar Laraba bayan la'asar Alhaji Modu, wani manomin Auyo, ya kira. "Malam Sale, mu yanke shinkafar ko mu jira?" Na ajiye wayar. Sai na buɗe foldar.

Fayil ɗaya ne, mai miƙa awon zuwa wayata. A samansa ya rubuta: "Tunda ka iso nan, ka daina cewa ba ka yi karatu ba."

Na ƙara layi ɗaya, direban ya ginu. Abin da ya rage mini na Bukar ke nan: har yanzu yana sa ni aiki, Allah ya jiƙansa.

Washegari na hau babur zuwa Auyo, na shiga kwalekwale, na goge lakar da ke jikin ma'aunin. Ina cikin wanke hannu wayar ta yi ƙarar shigowar saƙo a aljihuna.